Yadda Ake Taimaka wa Yaro Mai Afraksiyar Magana a Gida

Akwai yaron da yake jin duk abin da aka faɗa masa. A aike shi ya ɗauko takalmi ya ɗauko, a tambaye shi ina hancinsa ya nuna. Amma idan ya buɗe baki zai ce "mama" sai ta fito "ba", an jima ta fito "a-a", gobe kuma yana cikin wasa ya faɗe ta daidai sarai ba wanda ya tambaye shi. A ce masa ya sake, sai a ga leɓɓansa suna motsi, haɓarsa tana lalube, sauti ya ƙi fitowa. Iyaye da yawa da na zauna da su sun fara da cewa taurin kai ne, tunda ai jiya ya faɗa. Wasu an ce musu nauyin baki ne kawai, zai yi magana idan lokacinsa ya yi.

Wannan sauyawar kalma ɗaya daga faɗa zuwa faɗa tana cikin manyan alamomin afraksiyar magana. Yaron ya san abin da yake son faɗa, kuma tsokokin bakinsa ba su da rauni. Matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa take tsara motsin leɓe da harshe da muƙamuƙi, wanne zai fara, wanne zai biyo, da wane sauri. A shekarar 2007 ƙungiyar masana magana da ji ta Amurka ta ware alamomi uku da aka fi gane ta da su: kuskuren da ba ya tsayawa wuri ɗaya a baƙaƙe da wasula, wahalar tsallakawa daga sauti zuwa sauti ko daga gaɓa zuwa gaɓa, da kuma hawa da saukar murya da ba ya zama daidai. Ana ƙiyasta cewa yaro ɗaya zuwa biyu ne cikin 1,000 suke da ita, kuma an fi samunta a maza. Sau da yawa ba a gano dalili. Wani lokaci gado ne: a 2001 masu bincike a Ingila sun gano ƙwayar halittar FOXP2 ta hanyar nazarin wani dangi da kusan rabinsu suke fama da wannan matsalar. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma don an rasa yi wa yaro hira ba.

Abin da ya kamata ku riƙe daga wannan bayanin ɗaya ne: aikin koyon motsi ne, kamar koyon tuƙa keke. Bayani ba ya koyar da shi, kallo kaɗai ba ya koyar da shi. Sai an yi, an sake yi, da taimako da farko, sannan a riƙa janye taimakon a hankali.

Kayan da za ku tanada

Littafin rubutu da biro, na wannan aikin kaɗai. Waya mai ɗaukar bidiyo. Madubin da zai ɗauki fuskoki biyu. Hotunan mutanen gida da na abubuwan da yaron yake so, ko a buga su ko ku zana da hannu, zanen ba sai ya yi kyau ba. Kayan wasa masu guntaye da yawa waɗanda ake bayarwa ɗaya bayan ɗaya: tubalan ginawa, ƙananan motoci, ƙwallo da kwandon da za a jefa ta. Idan babu, murafen kwalba da gwangwani sun isa, muddin yaron ya wuce sa abu a baki. Sai wurin zama inda idonku zai yi daidai da nasa, da haske a kan fuskarku. A kashe talabijin da rediyo.

Ba ku buƙatar usur, ko balan-balan, ko kayan hura kumfa da sunan motsa baki. Zan dawo kan wannan.

Mataki na 1: A gwada ji, a nemi ƙwararre

Kafin komai, a kai yaron a gwada kunnensa, ko da kuna ganin yana ji. Yaro yana iya jin ƙarar ƙofa amma wasu sautukan magana suna wuce shi, musamman idan yana yawan ciwon kunne. Bayan haka a nemi ƙwararren mai gyaran magana, domin shi ne zai bambance afraksiya da jinkirin magana na yau da kullum, da tsamin baki, da raunin tsoka. Kafin yaro ya kai shekara 3 tabbatar da ita yana da wuya, saboda bai da isassun kalmomin da za a gwada shi da su. Wannan ba dalilin zama jira ba ne. Ana fara aiki da zato, kuma duk abin da ke ƙasa ba zai cutar da yaron da daga baya aka gano jinkiri ne kawai yake da shi ba.

Idan tare da matsalar magana akwai farfaɗiya, ko wahalar haɗiya, ko raunin wani sashen jiki, ko kuma yaron ya daina abubuwan da a da yake yi kamar kallon ido da amsa sunansa, likitan yara ne farkon wanda za a gani, kuma ba tare da ɓata lokaci ba.

Mataki na 2: Ku saurara, ku rubuta

Ku ɗauki kamar mako guda ba ku gyara masa komai ba. Duk sautin da ya fito daga bakinsa ku rubuta shi yadda ya fito, ba yadda ya kamata ya fito ba. Idan ya ce "uu" yana nufin ruwa, ku rubuta "uu", ku sa ruwa a gefe. Har kukan mota da yake kwaikwaya da "mee" na akuya ku rubuta, domin suna nuna muku abin da bakinsa ya riga ya iya.

A ƙarshen makon ku ware baƙaƙen da yake da su da wasulan da yake da su. Yawanci za ku tarar da m, b, d, n ko w, da wasalin a. Ku lura da wasula sosai. Yaro mai jinkirin magana kawai yakan samu wasulansa daidai, amma mai afraksiya yakan murɗe su, i ta koma wani abu tsakanin i da e, o ta ƙi zagayewa. Ku ɗauki bidiyo gajere yana wasa yana surutu. Bayan wata uku wannan bidiyon ne zai nuna muku ci gaban da idonku na kullum ba zai gani ba, kuma shi ne abin da ƙwararre zai fi so ya kalla.

Mataki na 3: Zaɓen kalmomi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren na ƙauna ne: iyaye suna son ya iya komai, sai su tara kalmomi talatin. Ku zaɓi biyar. Idan matsalar ta yi tsanani, uku sun isa.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, kalmar ta kasance an gina ta da sautukan da kuka gani a littafinku, ko da ƙarin sabon sauti guda ɗaya tak. Na biyu, ta kasance kalmar da za ta biya masa buƙata yau. "Ba ni", "a'a", "zo", "nawa", "babu", "mama", "baba", da sunan ɗan'uwansa idan mai sauƙi ne. Yaron da ya gano cewa "a'a" tana tsayar da babba, ko "zo" tana kawo mahaifiyarsa, ya samu dalilin wahala. Sunayen launuka da ƙirga suna da daɗin nunawa baƙi, amma ba sa sa kowa ya motsa, don haka su jira.

Ku bi tsarin gaɓa daga sauƙi zuwa wuya. Gaɓa ɗaya: ni, zo, bi, hau. Gaɓar da aka maimaita: mama, baba. Baƙi ɗaya da wasali ya canza: babu, nuna. Sannan baƙi da wasali duka su canza: mota, duba. Ku bar sautuka irin su r, ts, ƙ da sh zuwa gaba, domin ko yaran da ba su da wata matsala sukan makara wajen samunsu. Idan kalmar tana da muhimmanci amma tana da sauti mai wuya, ku karɓi mafi kusa da ita na ɗan lokaci. "Wuwa" a madadin ruwa ta fi "uu" nesa ba kusa ba. Ku dai ku ci gaba da faɗin kalmar daidai, kada gida duka ya koma cewa "wuwa".

Kada ku koyar da sauti shi kaɗai na tsawon lokaci, wato a zauna ana "b, b, b". Abin da yake ba shi wuya shi ne tafiya daga b zuwa a, don haka tafiyar ce za a yi ta maimaitawa.

Mataki na 4: Ku faɗa tare, sannan ku janye

Wannan shi ne zuciyar aikin. Tsarin da zan bayyana ya samo asali ne daga hanyar da ake kira DTTC, wadda Edythe Strand ta tsara lokacin tana aiki a asibitin Mayo a Amurka, kuma an yi ta ne musamman don ƙananan yara da waɗanda matsalarsu ta yi tsanani. Ƙwararre zai yi ta da zurfin da ya fi wannan, amma iyaye suna iya riƙe ƙashin bayanta.

Ku zauna fuska da fuska. Ku ce masa, "Kalli bakina, mu faɗa tare." Sai ku faɗi kalmar a hankali, kuna jan wasulan, ku da shi a lokaci guda: "baaa-buuu". Jan kalma daban, yanka ta daban. Kada ku ce "ba", ku yi shiru, sannan ku ce "bu". Muryar ta ci gaba da gudana daga gaɓar farko zuwa ta biyu ba tare da yankewa ba, domin idan kuka koya masa a yanke, a yanke zai riƙa faɗa, kuma cire wannan ɗabi'ar daga baya aiki ne babba.

Ku yi ta tare har ta fara fitowa daidai sau da yawa a jere. Sai ku ɗan ƙara sauri har ta kai saurin magana ta yau da kullum. Daga nan sai ku rage muryarku, ku koma raɗa, sannan ku bar bakinku yana motsi babu sauti, shi kaɗai ke fitar da murya yana kallonku. Idan ya riƙe, sai ku matsa: ku faɗa, shi ya maimaita nan take bayanku. Idan wannan ma ya zauna, ku faɗa, ku ɗaga yatsa alamar ya dakata, ku ƙirga biyu ko uku a zuci, sannan ya faɗa. Matakin ƙarshe shi ne tambaya: ku ɓoye motar a bayanku, ku buɗe hannu wayam, ku ce "Ina mota?" ya ce "babu" da kansa.

Ba a hawa wannan tsani a miƙe. A cikin minti ɗaya kuna iya hawa ku sauko sau uku. Da zarar kalmar ta lalace, kada ku bari ya yi ta faɗin ta a lalace, domin bakinsa yana koyon duk abin da ya maimaita, daidai ko kuskure. Ku koma baya mataki ɗaya nan take, ku ce "mu yi tare", ku samu mai kyau biyu ko uku, sannan ku sake gwada janyewa. Idan kun koma har matakin farko kuma ta ƙi, ku ajiye ta, ku ɗauko kalmar da ya riga ya iya don ya ji daɗin nasara, ku dawo mata gobe.

Akwai yaran da kallon fuska kai tsaye yake takura musu. Ga irinsu madubi yana taimakawa: ku zauna gefe da gefe, ku kalli bakunanku a ciki. Wasu kuma madubin ne yake ɗauke musu hankali, su shiga yi wa kansu gwalo. Idan haka ne a kife shi. Dabarar da nake yawan amfani da ita ita ce in ɗaga abin wasan in riƙe shi dab da bakina, idonsa yana bin abin wasan sai ya sauka inda nake so.

Mataki na 5: Taimakon hannu

Wasu yara ido da kunne ba sa isar su, sai an haɗa da taɓawa. Don m da b, ku sa yatsa a kan leɓɓanku a rufe, ko ku taɓa nasa a hankali idan ya yarda. Don u da o, ku zagaya yatsa a bakinku ku turo leɓɓa gaba. Don i, ku ja gefen bakinku kamar murmushi. Don d da n, ku taɓa saman leɓenku na sama, alamar harshe ya hau bayan haƙora. Idan haɓarsa tana buɗewa fiye da kima ko tana karkacewa, ku tallafe ta da yatsu biyu a ƙasa. Don m, ku ɗora yatsansa a gefen hancinku ya ji yadda yake rawa.

Kowace alama kuka zaɓa, ku tsaya a kanta, kuma kowa a gidan ya yi irinta. Akwai cikakkiyar hanyar taɓa fuska mai suna PROMPT wadda sai an yi horo na musamman ake yinta, kada ku ɗauka abin da kuke yi a gida shi ne ita. Kuma kada a taɓa matse bakin yaro da ƙarfi ko a cusa masa yatsa. Idan ya kawar da kai, ku yi alamar a fuskarku kawai. Alamun hannu ma janye su ake yi da zarar kalmar ta zauna.

Mataki na 6: Yawan maimaitawa, gajeren zama

Minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, kusan kowace rana. Wannan ya fi awa guda a ƙarshen mako amfani sosai. Ku zaɓi lokacin da ya ƙoshi, ya yi barci, ba ya cikin fushi.

A cikin waɗannan mintocin ana son kalmomin su fito da yawa, gommai, ba sau huɗu ko biyar ba. Yadda ake samun haka ba tare da kuka ba shi ne wasa mai saurin juyawa. Ku riƙe tubalan a cinyarku. Ya ce "ba ni" sau uku, ku ba shi ɗaya ya ɗora. Ya sake sau uku, wani tubalin. Idan ginin ya yi tsawo ya rushe shi, ku yi dariya tare, a sake. Ladan ya zama na daƙiƙa kaɗan. Idan kuka ba shi waya ya kalli bidiyo a matsayin lada, zaman ya ƙare ke nan, domin karɓe ta faɗa ne.

Sabuwar kalma ana yinta a jere, ita kaɗai, sau goma ko fiye. Amma da ta fara zama, sai a cakuɗa ta da sauran: mota, babu, zo, mota, nawa, babu. Za ku ga kamar ya koma baya idan an cakuɗa, kuma iyaye sukan tsorata su koma jere. Ku daure. Cakuɗawar ce take sa kalmar ta zauna har ya iya ciro ta gobe a wani wuri, domin a magana ta gaskiya ba wanda yake faɗin kalma ɗaya sau goma.

Ku tashi tun yana jin daɗi, kuma a kan kalmar da ya faɗa daidai. Bayan an tashi ku rubuta layi biyu a littafin: wace kalma, a wane mataki ta tsaya.

Mataki na 7: Abin da za ku ce bayan ya gwada

"A'a, ba haka ba" ba ta gaya masa abin da zai canza. Da farko ku faɗa masa abin da bakinsa ya yi: "Ka rufe leɓe, madalla." Ko kuma, "Bakin ya buɗe da yawa, rage shi, kalli nawa." Gajere, sannan a sake gwadawa. Idan bai samu ba amma ya yi ƙoƙari, ku yaba ƙoƙarin da gaskiya: "Na ga ka dage, mu sake tare." Kada ku ce "daidai" ga abin da ba daidai ba don ku faranta masa, yana dogara da kunnenku kafin nasa ya ƙware.

Idan kalmar ta fara zama, ku rage magana. Ku bar shi ya faɗa sau uku ko huɗu kafin ku ce komai, wani lokaci ma ku tambaye shi, "Ta fito?" Ana so ya fara jin kansa da kansa.

Gyara na lokacin zama ne kawai. Idan ya rugo da gudu yana ba ku labari da sautukan da ba ku gane rabinsu ba, wannan ba lokacin gyara ba ne. Ku saurari abin da yake nufi, ku maimaita masa shi daidai cikin hira, "Eh, mota ta tafi!", ku wuce. Na ga yaran da aka gyara su a kowane numfashi har suka daina gwadawa gaba ɗaya, kuma dawo da yaron da ya yi shiru ya fi koya masa sauti wuya.

Mataki na 8: Murya

Da zarar kalma ta fito daidai, ku fara wasa da yadda ake faɗinta. Da ƙarfi, a hankali, da tambaya, da mamaki, da muryar kiran wanda yake nesa. "Mama?" "Mama!" Idan aka bar wannan sai ƙarshe, yaro yakan fito da magana mai sautuka daidai amma a shimfiɗe, kowace gaɓa da nauyi ɗaya. A yare irin Hausa, inda karin sauti da tsawon wasali suke canza ma'ana, wannan ba ado ba ne, yana cikin kalmar kanta. Don haka ko kuna jan kalma a mataki na 4, ku ja ta da karinta na asali, inda take hawa ta hau, inda take sauka ta sauka. Waƙoƙin yara masu maimaici suna taimakawa: ku rera a hankali, ku tsaya kafin kalmar ƙarshe, ku jira shi ya cike.

Mataki na 9: Daga wurin zama zuwa cikin gida

Kalmar da ta tsaya a wurin zama ba ta gama aiki ba. Ku ƙirƙiro mata dalili a cikin yini. Ku ɗora abin wasansa inda yake gani amma hannunsa ba ya kai, ku jira "ba ni". Ku tsaya a bakin ƙofa ku jira "zo". Ku gaya wa sauran mutanen gida kalmomi biyar ɗin da ake kai, don su ma su ba shi dama. Yayye suna da saurin yi wa ƙaninsu magana, ku roƙe su su ƙirga biyar a zuci kafin su amsa a madadinsa. Amma kada a hana shi ruwa ko wani abin buƙata don bai faɗa ba. A jira kaɗan, a taimaka masa ku faɗa tare, a ba shi.

Idan kalma tana fitowa daidai da kanta a wurare daban-daban na kwanaki, ku matsar da ita cikin jerin waɗanda ake waiwaya lokaci-lokaci, ku kawo sabuwa. Sannan ku fara haɗawa: "mama zo", "ba ni mota", "babu mota". Ku sa rai cewa kalmar da ya iya ita kaɗai za ta iya rushewa idan ta shiga jimla, domin tsawo yana ƙara wa tsarin motsin nauyi. A koma faɗa tare, a sake hawa.

Mataki na 10: Ku ba shi wata hanyar faɗin abin da ke ransa

Wannan ba sai an gama sauran ba, tun ranar farko ake fara shi. Yaron da yake da magana cike da kai amma bakinsa ya ƙi, yakan yi ta kuka, ya yi jifa, ya yi cizo. Ku manna hotuna a kwali: ruwa, banɗaki, barci, ciwo, wasa, mutanen gida. Ku koya masa alamun hannu kaɗan, kamar na "ƙara" da "ya isa". Akwai manhajojin waya da suke furta kalma idan an taɓa hoto, ga wanda ya samu. Tsoron da iyaye suke yi shi ne idan ya samu hoto zai ƙi magana. Binciken da aka yi bai nuna haka ba, kuma abin da nake gani shi ne yaron da aka fahimce shi ya fi yarda ya gwada baki. Duk lokacin da ya nuna hoto, ku faɗi kalmar, ku ba shi abin.

Abubuwan da ke cinye lokaci a banza

Hura usur, hura kumfa, tsotsa da tsinken roba, fito da harshe a taɓa hanci: ana yawan ba iyaye waɗannan da sunan ƙarfafa baki. Bakin mai afraksiya ba ƙarfi ya rasa ba, kuma motsin hurawa daban yake da motsin magana. Idan yana son kumfa, ku yi amfani da ita a matsayin lada bayan ya faɗi kalma. Haka kuma yanke tantanin da ke ƙarƙashin harshe ba ya warkar da afraksiya, domin matsalar ba a nan take ba. Babu kuma wani magani na sha da aka tabbatar yana gyara ta, don haka ku yi hattara da masu tallan ƙwayoyi da mayuka. Sa yaro ya yi magana a gaban baƙi, "faɗa musu abin da ka faɗa jiya", kusan kullum yana ƙarewa da shiru da kunya, saboda magana bisa umarni ita ce mafi wuya a gare shi.

Idan ƙwararre ya yi nisa

Abin da masana suke so ga mai matsala mai tsanani shi ne zama da ƙwararre sau uku zuwa biyar a mako, shi kaɗai ba cikin rukuni ba. Iyalai da yawa ba za su samu haka ba. Idan sau ɗaya a wata kuke iya zuwa, ku tafi da littafinku da bidiyo, ku roƙi a zaɓa muku kalmomi, a nuna muku alamun hannu, ku yi a gabansa ya gyara muku. Ku nemi izinin ɗaukar bidiyon yadda yake yi. Ana kuma yin zama ta kiran bidiyo, kuma yana aiki idan akwai babba kusa da yaron. Idan za ku zaɓi ƙwararre, ku tambaye shi ko ya taɓa aiki da mai afraksiya da kuma wace hanya yake bi. Ban da DTTC akwai shirin Nuffield na Landan, akwai kuma ReST na Jami'ar Sidni a Ostireliya, wanda aka yi wa yaran da suka ɗan tasa, daga shekara 4 zuwa 12, masu iya haɗa gaɓoɓi.

Ci gaban yana zuwa a hankali, ana lissafa shi da watanni da shekaru, kuma yakan tsaya cik na ɗan lokaci sannan ya motsa. Rashin lafiya ko gajiya suna iya mayar da kalmomi baya na kwanaki. Idan wata biyu ko uku suka wuce babu ko kalma ɗaya da ta hau mataki, ku duba abu uku: ko kalmomin sun yi wuya, ko sun yi yawa, ko maimaitawar ta yi kaɗan.

Yara masu afraksiya sun fi sauran fuskantar wahalar karatu da rubutu idan sun shiga makaranta, don haka ku fara karanta masa littattafai masu hotuna tun yanzu, kuna nuna masa haruffa da sautinsu. Kafin ya fara zuwa aji, ku je ku ga malaminsa da kwalin hotunan da jerin kalmomin da yake faɗa da yadda yake faɗinsu. Ku gaya masa cewa yaron yana fahimta, a ba shi lokaci ya amsa, a bar shi ya nuna da hannu idan baki ya ƙi, kuma kada a tashe shi karatu da ƙarfi a gaban aji sai ya nuna yana so.